Wasiƙar da Ta Ƙi Shiga Kwandon Shara

Akwai wata Talata da ban taɓa mantawa da ita ba, a shekarar da aka sauya takardun naira. Lokacin ina akawu a ofishinmu da ke wajen Ƙofar Sauri. Muna da jaka guda a intanet da ake zuba takardun aiki. Ƙa'idarta ita ce kowa na iya sakawa, kowa na iya dubawa, amma gogewa sai Nura, mai kula da kwamfutoci.

Ran nan na ɗauki hoton wasiƙar da na rubuta wa yayana da ajami, zan tura masa, yatsa ya kuskure, ta faɗa jakar ofis. A layi na huɗu kuwa na ce Daraktanmu barci yake sha a kowane taro. Ga takardar ƙarin girmana a kan teburinsa tana jiran sa hannu.

Na ruga wurin Nura. Ya buɗe, ya ga Bisimilla a sama, ya janye hannunsa.

"Baba Malam, ka san inda abin da aka goge yake zuwa? Kwandon shara! Ni zan jefa sunan Allah a shara?"

"Nura, zanen kwando ne fa."

"To, ranar hisabi kai za ka yi wannan bayanin?"

Kafin azahar Hajiya Binta ta sashen ma'aikata ta buga wasiƙar a takarda, ta manna a bango, wai addu'ar tsari ce. Bayan la'asar Darakta ya tara mu.

"Malam Sani, an ce ka sako mana addu'a. Karanta mu samu albarka."

Ina tsoron yin ƙarya da Bisimilla a gabana. Na karanta har ƙarshe. Hajiya Binta ta riga ta ce amin sau biyu kafin ta gane.

Darakta ya gyara hula. "Tunani nake yi, ba barci ba. Nura, ba shi izini ya kwashe kayansa da kansa."

Nura ya buɗe mini izinin minti biyar. Na kai yatsa kan kwandon, na dubi sunan Allah da na rubuta da hannuna. Wallahi yatsan ya ƙi. Ina zaune, suna kallona, har lokacin ya ƙare.

Ƙarin girman sai da ya makara shekara guda. Wasiƙar kuwa tana nan cikin jakar har yau.

Ku da kuka shigo aiki yanzu, ku duba sau biyu kafin ku tura abu. Samun izinin gogewa ba shi da wuya. Mai zuciyar dannawa ne babu a ofishin nan.