Allurar da na kai ƙara asibiti

Ko duk haƙorana sun gama zubewa, ba zan manta da abin da ya same ni shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki ba. Lokacin ina rini a Ƙofar Mata, 'ya'yana takwas. Haihuwar ƙarshe ta wahalar da maiɗakina sosai, har likita ya ce jikinta na neman hutu. Ni kuwa da na taɓa boko har aji huɗu, na ce ai mu wayayyu ne, ta je a yi mata allurar tazarar haihuwa. Na yi mata alkawarin hutun shekara uku cur.

Ranar wata Talata ta dawo daga asibiti ta ce nas ta ce tunda ba a kwanakin al'ada aka yi ba, sai an yi mako guda allurar za ta kama, kafin nan in yi nesa da ɗakinta. Na gyara zama na yi mata bayani irin na masana. Na ce allurar zazzaɓi da safe ake yi, da yamma mutum ya nemi tuwo, to wannan me zai sa ta fi ta nauyin ƙafa? Ta dube ni kawai. Yau na san ma'anar wannan kallon, a lokacin na ɗauka ilimina ne ya burge ta.

Bayan wata biyu sai ga ta tana gudun warin daddawa. Ni da na ga wannan sau takwas ba sai an faɗa mini ba. Raina ya ɓaci. Na zura babbar rigata, wadda na rina da hannuna, na tasa ta gaba zuwa asibitin, in ji dalilin da za a tsira wa matata ruwan famfo a ce magani ne.

Mata cike da benci, na tsaya na yi jawabi har da Turanci biyu. Nas ɗin, wata dattijuwa mai tabarau, ta bari na gama, ta duba kati, sannan ta ce, "Baba, makon da muka ce, an cika shi?"

Na fara lissafi da yatsu ina neman hanyar fita. Maiɗakina ta riga ni: "Malama, Talata aka yi. Laraba ya ce ta kama."

Dariyar matan nan har yau tana kunnena. Nas ta dubi hannuwana da suka yi shuɗi ta tambaye ni, idan na haɗa shuni a rijiyar rini, ranar nake tsoma zane? Na ce haba, sai ya kwana bakwai ko fiye ya nuna, mai gaggawa ɓata zane yake yi. Ta ce, "To, ramin ƙasa ka iya yi wa haƙuri."

Allah ya sauki maiɗakina lafiya, amma na sha zullumi kafin nan, don hutun da na yi mata alkawari ni na cinye shi. Hukuncinta kuwa, ni zan rina sabon zanen goyo, ta ce kuma in tsoma shi ranar da na haɗa shunin mu gani.

Tun daga nan, in ma'aikacin lafiya ya ce kwana bakwai, takwas nake yi, aji huɗun nan kuma na ajiye shi a gida.