Fatari na Biyar

An ce bara Nelida Tarqui, gwanar tsara sutura, ta kai wa matan ƙungiyar rawar bikin Gran Poder siket shara-shara mai bin jiki kamar ruwa, babu fatari ko ɗaya. Shugabarsu, Doña Primitiva, ta ɗaga shi da yatsa biyu ta ce, "'Yar nan, mata muka ce ki suturta, ba tsintsiya ba." Tun ranar take ɗinka musu fatari biyar-biyar, iri ɗaya, mutum ɗari uku, don in suka juya mata baya shagonta ya mutu.

Ga Nelida can a kasuwar garin El Alto, siririya, allurai soke a mayafi. Hannu kam Allah ya ba ta. Tana shafa wani siliki ruwan toka kamar mai sallama da ɗa a tasha, sannan ta ajiye, ta ɗauki ja mai ƙyalli.

Primitiva ta ɓullo, ta cika layi ita kaɗai. "To, kin dai gane abin da ke yi wa mace kyau?"

Nelida ko ɗagowa ba ta yi ba. "Na gane, Doña. Fatarinki na biyar, na can ciki, siket ɗin bara ne da kika ƙi. Yini guda kika yi kina rawa da shi ranar biki."