Inna da Gidan Ɗan Fari

Na daɗe ina koyar da Turanci a wata sakandaren 'yan mata a Azare, amma ɗalibar da ta fi ba ni wahala ba ta taɓa zama a benci ba. Mahaifiyata ce, Inna.

Inna Bafulatana ce daga rugagen wajen Sakwa. Aure ya kawo ta gari, ta saba da injin markaɗe da ruwan famfo, amma akwai abu ɗaya da ta taho da shi daga ruga ba ta ajiye ba, wato kunyar ɗan fari. Babban yayanmu, wanda muke kira Hamma, shi ne ɗan farinta. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban kuma taɓa jin ta ce "ɗana" ba. In za a kai masa tuwo sai ta ce a miƙa wa wancan. In baƙuwa ta tambaya ko nata ne, sai ta ce na tsohuwa ne, tana nufin kakarmu da ta yaye shi. Mu dai mun tashi mun tarar da haka, har tsokanarta muke yi tana jifanmu da mafici.

Karatu ya kai Hamma ƙasar Turawa, ya yi aure can ya zauna. Sai ciwon ƙoda ya kama shi. Ya yi ta ɓoye mana, har ranar da matarsa ta kira ni ta ce likitoci sun hana shi hawa jirgi, jikin kuma kullum ƙasa yake yi. Ta ce ba abin da yake roƙo sai a kawo masa Inna.

Muka haɗa takardun neman biza, aka sa mata ranar ganawa a ofishin jakadancin ƙasar a Abuja. Ita kaɗai za ta shiga, a yi mata tambayoyi ta bayan gilashi. Akwai tafinta, amma waɗanda suka taɓa zuwa suka ce an fi sakin jiki da wanda ya amsa da bakinsa, ko da kalma uku ce. Na bugi ƙirji na ce wannan ai aikina ne. Ina malamar Turanci guda a ce uwata ta tsaya jiran tafinta?

Kullum bayan la'asar sai mu zauna a tsakar gida, tana tsinkar zogale ina ba ta karatu. Na nuna mata yadda Bature yake cewa gidan wane: mai gidan yake fara ambata, ya liƙa masa ɗan sauti a ƙarshe, sannan gidan ya biyo. Kafin su kuma akwai wata 'yar ƙaramar kalma, "to" in zuwa za ka yi, "at" in a can kake zaune. Inna ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce shi Bature komai nasa a juye yake. Amma kanta ja yake yi. Cikin mako guda ta iya "to my sister's house", ta iya "at my neighbour's house". Da na gaya mata sukan ma yar da kalmar gidan su tsaya a kan mai shi, sai ta ce wannan kuma rowar magana ce. Daga nan in za ta aron rariya sai ta yafa mayafi ta ce mini, "to my neighbour's", ta fita tana taƙama. 'Yan ajina shekara uku nake fama da su a kan wannan.

Ranar da muka zo kan abin da ake nema, na ce ta maimaita, "at my son's house". Ta tambaye ni ma'anarsa. Ba tare da tunani ba na ce, a gidan ɗana. Ta ajiye faifan, ta ce zogalen ya isa haka, ta shige ɗaki.

Da na ce mata sunan wata unguwa ne, da ta haddace shi kamar sauran. Wannan fassarar ita ce wautar da na fi ciza yatsa a kanta.

Kashegari muka sake, rana ta uku ma muka sake. Sai ta ce "at my", ta tsaya, ta kama gyaran ɗankwali. Na lallashe ta. Na ce ai ba Hausa ba ce, ba Fillanci ba ce, kalmar wasu ce ta aro, ta furta ta mayar musu da abarsu. Ta ce tunda ta san abin da take nufi, ai ta zama tata. Ta roƙe ni in koya mata "gidan yayanku". Na ce Baturen da ke bayan gilashi ba ƙaninsa ba ne. Ni mai saurin fushi ce, ranar kuwa na yi. Na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba, na ce mutum yana can kwance ana wanke masa jini da inji, ita tana nan tana kunya. Ta tashi ta yi alwala, alhali lokacin salla bai yi ba.

Da na kai wa Hamma ƙara ta waya, dariya ya yi, irin ta marar ƙarfi. Ya ce in ƙyale ta, in ta ga gilashin za ta faɗa. Inna tana gefe tana jinsa. Ko a kiran bidiyo ba ta taɓa yarda ta kalli fuskarsa ba, sai dai ta zauna inda murya za ta iske ta.

Ranar ganawa na tsaya a waje cikin rana. Ba ta daɗe ba ta fito da fasfonta a hannu da wata takarda. Ina ganin takardar na san an hana.

Sai da motarmu ta wuce Jos ta ba ni labari, tana kallon taga. Baturiyar da ke bayan gilashin ta tambaye ta inda za ta sauka. Ta ce "at my", sauran ya ƙi fitowa. Aka kira tafinta, Bahaushe, sa'an 'ya'yanta. Ga layin mutane a bayanta kowa yana ji. Ya ce, "Hajiya, shi wanda za ki wurinsa, mene ne shi a wurinki?"

Ta ce, "Na gidanmu ne."

Ya ce, "Ke kika haife shi?"

Ta ce, "Tsohuwa ce ta riƙe shi."

Shi kuwa ya juya ya faɗa yadda ya ji. Takarda ta ce uwa, baki ya ce wani abu dabam. Ban ga laifin Baturiyar ba, ban ga na tafintan ba. Na so in ga laifin Inna in huta, shi ma na kasa.

Muka sake nema, aka ba mu rana mai nisa. Hamma bai kai ba. Can aka yi masa sutura, a hannun mutanen da ba mu sani ba. A zaman makoki mu ƙannensa muka yi ta kuka, Inna kuwa tana zaune a kan tabarma idonta a bushe, tana amsa gaisuwa tana tambaya ko an kai wa baƙi ruwa. Wasu tsofaffi daga Sakwa har yaba mata suka yi. 'Yan'uwana na ce musu wata takarda ce ba ta cika ba, kuma har yau haka suka sani.

Bayan an share makoki, wata rana da hantsi ina shirin fita makaranta, ta kira ni bakin ƙofarta. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Da na faɗa, da sun bar ni na je?"

Na ce, "A'a Inna, kowa ma hana shi suke yi."

Ta ce, "Matar da ke gabana an ba ta. Ita ma wurin nata za ta."

Na tsaya da jaka a hannu. Ta ce in tafi kada in makara.