Doyar da Muka Zubar

Ni ban yi boko mai nisa ba, a aji huɗu na tsaya, amma shekara biyar ina zaune da karatun dakta a cikin gidana a Tudun Wada. Ƙanena ne mai karatun, autanmu, wanda na goya tun bayan rasuwar innarmu. Bincikensa a kan doya ne, yadda za a adana ta ta kai damina ba ta ruɓe ba. Jami'a ta ba shi rumbu a bayan gari, ya jera doya kashi-kashi, wannan da toka, wannan da ganyen darbejiya, wannan haka nan. Duk Asabar sai ya je ya ɗora kowace a sikeli ya rubuta. Tun a lokacin maƙwabta suka fara ce masa Dakta. Ni kuwa Daktan Doya nake ce masa, ya yi ta dariya.

Malamin da ke duba aikinsa farfesa ne, dattijo, ɗan manoman ƙasar nan. Ƙa'idarsa ɗaya ce: duk ƙarshen wata a kai masa abin da aka yi, ko shafi ɗaya ne.

A shekara ta huɗu ruwan farko ya zo da iska, ya yaye rufin rumbun. Yaron yana kwance da zazzaɓi, sai bayan kwana goma ya iya zuwa. Da ya dawo ya zauna kusa da murhu, ko takalmi bai cire ba.

"Yaya, ta ruɓe. Gobe zan je in gaya wa Farfesa."

Nan na sa baki, da ma bakina ba ya zama. Na ce, "Auta, ba a kai wa babba tuwon da bai nuna ba. Mutum kamar mahaifinka, ka je masa da ruɓaɓɓiyar doya? Ka bari kaka ta yi, ka sake, ka kai masa abu mai kyau."

Ya ji maganata, don bai taɓa ƙin ji ba. Ni na samo masa mai baro, aka kwashe doyar aka kai bola. Ba a auna ko ɗaya ba.

Ƙarshen wata ya zo bai je ba. Na biyu ma haka. Waya ta yi ta ƙara a kan tabarma, Farfesa na kira, ya zuba mata ido har ta gaji. Kunyar wata ɗaya ta haifi ta wata bakwai.

Ran wata Talata da la'asar aka yi sallama, sai ga dattijon da ƙafarsa. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo kunu. Bai ɗaga murya ba. Ya saurari labarin har ƙarshe, sannan ya tambaya, "Ka auna ta kafin ka zubar?"

Ƙanena ya sunkuyar da kai.

"Wace ta fara ruɓewa, mai toka ko mai ganye? Ai amsar da muke nema ke nan. Ruwa ya yi maka aikin shekara, ka kai bola."

Na ce, "Ranka ya daɗe, laifina ne. Ni na ce ba a kai wa babba ɗanye."

Ya juyo gare ni. Hausarsa irin ta mutanen nan ce, mace ma kai yake ce mata. "Hajiya, kai ka yi tarbiyya mai kyau. Amma ni ɗanyen aka ajiye ni in gani. In ya nuna, me zan gyara?"

Ya ce wa'adin da jami'a ke ba ɗalibi ya kusa cika, shi kuma ritayarsa ta zo. Da ya sani da wuri, da ya nemo ƙarin lokaci, amma yanzu ba shi da shafi ɗaya da zai nuna musu. Ya rubuta wa jami'ar duk da haka. Ba a amsa ba.

Yanzu ƙanena yana koyarwa a wata sakandare a Shango. Maƙwabta sun daina ce masa Dakta ba tare da kowa ya hana su ba. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, yana zuwa duk Juma'a ya gaishe ni. Sau ɗaya na manta na dafa doya da miyar ƙwai. Ya dubi kwanon, ya ce, "Yaya, a ƙoshe nake." Tun ranar ban sake sayenta ba.