Lallen Kaka da Fuskar Inna

Wata Lahadi ce, ranar kasuwar Jibiya, cikin kakar 1956. Ina tsaye bakin hanyar da ta shigo daga Maraɗi da tallan dafaffiyar gyaɗa a kaina, jakuna da raƙuma na ta wucewa gaban rumfar masu duba kaya, sai na hango wata mata da zanen saƙi irin na Innata. Na bi ta har cikin 'yan ƙwarya. Ta waiwayo, ba ita ba ce. Da ma na sani, don Inna ta rasu tun damanar bara. Abin da ya tsinka mini zuciya shi ne, da na nemi fuskar Inna a raina don in gwada da ta matar, sai na rasa. Ina tuna muryarta, ina tuna ƙamshin man shanu a kitsonta, amma fuska ta ɓace sarai. Na koma gida da kuka, rabin gyaɗar ma ban san inda na zubar ba.

Kaka, wadda ta haifi Inna, ita ke riƙona. Tsohuwa ce mai tsiya, ba ta kirana sai da "sarkin kuka", amma ran nan da ta ji abin da ya kawo kukan, ba ta yi mini tsiya ba. Hoto kuwa babu, mai hoto sai Katsina, wa zai kai Inna? Washegari ta kwaɓa lalle ta ɗiga mini a tsakiyar tafin hannu, ɗigo ɗaya kamar ƙwayar gurjiya. Ta ce duk abin da nake yi in riƙa buɗe hannu ina tambayar kaina, "Ido biyu nake ko mafarki?" Wai a mafarki lalle ba ya zama wuri guda, ko ya ɓace ko ya yaɗu, kuma in hannu ya saba zai buɗe kansa ko cikin barci. In na gane mafarki nake, sai in tafi neman uwata.

Kai, na sha dariya a wurin ƙawaye! Wajen ɗebo ruwa a gulbi ina duba hannu, wajen roron gyaɗa a gonar kawuna ta Daddara ina duba hannu. A carafke kuwa kullum ni ake ci, don dutse na sama ni ina kallon tafi. Har suka sa mini suna 'yar duba. Bayan azahar Kaka takan sa in yi alwala in kwanta kan hannun dama a gindin tsamiyar gidanmu, ita tana kaɗin zare da mazari a gefena. Ran da abin ya fara yi, na ga kaina a gulbi akuyarmu tana tafiya bisa ruwa, na buɗe hannu, fari fat. Murna ta tashe ni nan take. Kaka ta ce, "Sannu ba ta hana zuwa, sarkin kuka. In kin gane, ki murza hannuwanki, ki taɓa bango, ki nemi aikin yi. Mafarki ba ya son mai rawar jiki."

Sannu a hankali na iya riƙe shi har in kai tsakar gidanmu na dā. Inna na nan kullum, tana daka, ta ba ni baya. Da na ruga ina kiranta sai in farka da hawaye, har na ce na daina. Kaka ta harare ni. "Yaushe kika taɓa ganin uwarki ta bar daka don kin kira ta? Mi ya hana ki ɗauki taɓarya?" Sai a lokacin na gane nufinta: mutum biyu a turmi ɗaya dole su fuskanci juna.

Haka na yi. Na murza hannu, na ɗauki taɓaryar da ke jingine da rumbu, na zagaya sannu idona na ƙasa. Ta ɗaga na sauke, na ɗaga ta sauke, har dakan ya daidaita, sannan na dubi sama. Ga ta nan da gumi a goshi, da wushiryarta, da ɗan tabo a girar hagu wanda na manta da shi gaba ɗaya. Murmushi kawai ta yi ta gyara mini riƙon taɓarya. Da na farka na faɗa wa Kaka tabon, sai mazarin ya suɓuce daga hannunta. Ta ɗauke shi ta ce, "Ƙahon saniya ne, tana ƙarama. Gobe in kin je ki gaishe mini da ita. Ni duk na gan ta, kuka ke tashe ni."

Yanzu jikokina na ɗaukar hotona a waya ko tuwo nake ci, ba wanda zai nemi fuskata ya rasa. Tsamiyar an sare ta, dakan ma injin ya karɓe. Amma har yau in za a sa mini lalle ina cewa a ɗiga mini a tsakiyar tafi. Kaka ta daɗe da bin Inna, yanzu in na je a mafarki su biyu nake tararwa a bakin turmi, Kaka kuwa ta daina kuka.