Illo Koma

Duk mai cin kasuwar Attantane ya san Illo Koma, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan da ba a cika gani a zaune ba, mai tafiya da kai a karkace kamar ana kiransa daga baya. Ƙauyenmu ɗaya, kuma na girme shi sosai, don haka a gabana aka yi abin da zan faɗa.

Rijiyar garinmu mai zurfi ce, hannu ba ya jan ruwanta. Jaki ake ɗaura wa igiya, yaro ya kora shi su yi nesa har wasaki, babban gugan fata, ya iso sama. Sai wanda ke bakin rijiya ya cafe shi ya ɗaga murya, "Koma!" Yaro ya juyo da jaki, igiya ta sake sauka. Haka za a wuni, a je a dawo, har shanu su ƙoshi.

Lokacin farin farko, shekaru da yawa kafin sojoji su karɓi mulki, Illo bai gama famfara ba. Rumbunsu ya ƙare, ubansa ya ba da shi ga Jibo mai shanu, a bakin abincinsa da ɗan hatsin da za a riƙa auna wa gidan. Ruwa na yin ƙasa, ana ƙara wa igiya tsawo, hanyar yaro na ƙara nisa, har kiran ya daina isa gare shi sosai. Wata rana bai ji ba, ya zarce, wasaki ya bugi icen da igiya ke bi ta kansa ya yage. Marin da ya sha ranar ya kashe masa kunnen hagu. Tun daga nan yake tafiya kunnen dama na leƙen baya, yara kuma suka laƙaba masa Koma.

Damina ta dawo, jama'a suka natsu, ban da Illo. Ya girma bai iya zama ba. A tsaye yake shan fura. Liman na sallame salla, shi har ya kai ga takalmansa. Ya je Kano dako, ya je Agadas bugun bulo, amma kafin a fara kewarsa ya dawo, kafin a gama yi masa barka da zuwa ya sake ɗaure kaya. Matarsa Hamsatu takan ce ita ba ta taɓa gama magana da shi ba, rabin zancen bayansa take faɗa wa.

Sai fari na biyu ya zo. Gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba, ga iyakar Najeriya a rufe. Illo ya tafi Tasawa neman jar dawar da sojoji ke rabawa, ya daɗe, ya dawo da abin da bai cika ƙwarya ba. Ya tarar yayansa Rabi'u ya ba da Mati, ɗan Illo, ga Salifu ɗan Jibo, wanda ya gaji shanun. Rijiyar dai ita ce, aikin ma shi ne.

Mati ɗan fari ne. A wurinmu uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane. Kunya ce. Maganar yaron tana hannun yayan uba, don haka ba wanda ya ga laifin Rabi'u.

Illo ya same shi ƙofar gida, bai zauna ba ya ce, "Yaya, yaron nan fa?"

"Wane yaro? Ɗana dai. Kai mi ya shafe ka?" in ji Rabi'u. "Can aƙalla yana shan nono. Kai da ka yi, mutuwa ka yi?"

Illo ya juya ya tafi. Kwanakin nan ban taɓa ganin mutum ya yi zirga-zirga haka ba. Ya nufi rijiya, ya kusa, kunya ta juyo da shi. Ya iso gida, ya kasa shiga, ya sake komawa. Har sawunsa ya yi hanya ta bayan dangarmu.

Ranar da aka sake ƙulla wa igiya tsawo ina wurin, na kawo awakina. Mati ya kora jaki ya yi nisa, ɗan mitsitsi can cikin rana. Sai muka ga yana tafe yana karkata kai baya, yana kasa kunne. Illo na tsaye gefena. Sai ganinsa na yi yana bin igiyar da sauri. Ya karɓe sandar daga hannun yaron, ya nuna masa inuwar aduwa.

Salifu ya saki baki. "Illo, lafiya? Da gemunka?"

"Lafiya lau. Kira kawai."

Makiyaya suka fashe da dariya. Wani ya ce a nemo masa bante. Wata tsohuwa da ta zo ɗiban ruwa ta kama haɓa ta ce, "Oh ni! Ɗan fari fa? Kunya ta ƙare duniya."

"Inna, wa ya ce don shi ne?" in ji Illo. "Jakin nike tausayi. Yaron nan bai iya kora ba."

Salifu ya ce shi hatsin yaro zai auna, ba na babba ba. Illo ya ce ya ji. Rabi'u ya daina yi masa magana har aka yi shuka. Haka Illo ya yi ta yi, ƙato a bayan jaki, ana ƙwala masa "Koma!" a gaban ƙannensa, cikinsa kuma ba ya cika da rabon yaro. Ya rame har haƙarƙarinsa suka fito. Abin da ya ba ni mamaki, wannan ne karo ɗaya da ya yi rani cur bai bar gari ba.

Mati bai sake riƙe sandar ba. Da ya tasa, ya koyi ɗinki, yanzu tela ne a Tasawa. Na bi ta shagonsa bara, na tarar da Illo ya tsufa, furfura fat, yana kai da kawowa a bakin ƙofa. An shimfiɗa masa tabarma, ko kallonta bai yi ba. Ciki Mati na kan keke, kansa a sunkuye, ƙafa kawai ke motsi.

Illo ya matso da kunnensa mai ji, ya nuna shagon da haɓa, har yau dai ba ya kama sunan.

"Dubi yaron nan," ya ce da ni. "Tun safe yake nan zaune. Ko waiwaye ba ya yi."