Farin Garin Karan Dawa

Har gobe ban manta da ranar da Inna Tumba ta fid da ni kunya ba. Lokacin ina ƙaramar malamar koyar da mata sana'a a ƙarƙashin En'e, wato hukumar gargajiya ta Yauri, an tura ni wani sabon ƙauye wajen Wara, inda aka tsugunar da mutanen da ruwan dam ya ci garinsu.

Ƙa'idar aikin ita ce, bayan wata shida babbar jami'a ta zo daga Sakkwato ta duba. Ajin da bai nuna abin hannu ba rufe shi ake yi, malama ta koma gidan ubanta. Mu man shafawa muka zaɓa, na man kaɗanya. To, ga zafin kaka, da rana ta take sai ya narke ya bi gwangwani. Littafinmu ya ce a haɗa da wani kaki na ganyen bishiyar ƙasar waje don ya daskare. Na rubuta takarda zuwa Sakkwato sau uku, kaki bai zo ba, ga saura kwana biyar.

Inna Tumba tsohuwa ce mai zama bayan aji tana gyangyaɗi. Wallahi ban taɓa ɗaukarta ɗaliba ba. Ita ta tarar da ni ina kuka bayan zana.

Ta ce, "Ke ɗiyata, kakin ga naki, mi a kama tai?"

Na ce, "Wai fari ne kamar gari, a jikin ganye ake kankaro shi."

Ta ja ni gonar bayan gari, ta shafa karan dawa, ta nuna mini yatsanta fari fat. "Irin wanga? Ko ruwa ba ya zama bisa gare shi."

Kai, na ji kunya! Kwana uku mata goma sha wani abu suna kankarar kara da bayan wuƙa, abin da muka tara bai cika ƙaramin ƙoƙo ba. Muka narka shi cikin man, muka tace da ƙyalle. Tukunyar farko ta yi tsaki-tsaki, ta biyu ta kama.

Da jami'ar ta zo, ta ɗora gwangwani a kan murfin motarta cikin rana, ta tafi duba rajista. Ta dawo ta dangwala, man na nan daram.

Ta ce, "Malama, ina kika samo kaki? Ko mu ba mu da shi."

Na nuna bayan aji. Ta tambayi Inna abin da take so a yi mata. Inna ta miƙe ƙafa ta ce, "Gwangwani guda, faso ya dame ni."

Aji ya tsira, na yi shekara talatin ina aikin nan. Ku da kuke farawa yanzu, in kun shiga aji ku fara gaida na baya. Ni da hannuna na shafa wa Inna man nan, Allah ya ji ƙanta.